Agogon Baƙin Mai

A bencin gareji, wani direban tasi ya dubi dattijon da ake ɗaura wa motarsa agogon baƙin mai.

"Baba, ba ga jar wuta ba? Agogo kuma na mene ne?"

"Jar wuta sai inji ya kusa bugawa take kamawa. Wannan kuwa, da ƙarfin mai ya fara raguwa za ka gani."

"Ni salatif na liƙa wa tawa. Ta cika damuna."

"Haka na yi wa mai ɗakina. Wata uku tana kukan ciwon kai, ina cewa gajiya ce. Ashe hawan jini ne."

"Ta samu sauƙi?"

Dattijo ya girgiza kai, ya mai da idonsa kan agogon da ake ɗaurawa.

Can direba ya ce, "Baba, a ina ake awon jinin nan?"