Buhunan Silin

A bencin wani asibiti a Sharada, Habila na jiran matarsa ta fito daga ɗakin hoton ƙirji, wata dattijuwa kuma na ta tari a gefensa.

"Sannu, Mama. Ya daɗe?"

"Shekara biyu, ɗan nan. Likita ya ce wai ƙurar ɗakina ce. Ni da nake shara safe da yamma!"

"Wace irin ƙura?"

"Buhuna muka ɗinke muka yi silin, saboda zafin kwano. Na kemikal ɗin jimar fata, da ake sayarwa a Challawa. In rana ta gasa su sai gari ya riƙa zubowa, har cikin tuwo. A nan jikata take rarrafe tana tsotsar hannu."

Habila ya juyo ya dube ta. "Masu shuɗin layi?"

"Su fa! Kai ma ka saya?"

"Ni ke tsaron siton wani kamfanin fata a can, Mama. An ce kada su fita. Na ga buhu mai kyau, na riƙa miƙa wa masu saye."

Ta kalle shi. "Ka sani?"

"An gaya mana, ban yarda ba ne. Har ɗakin kwananmu na sa su, da hannuna."

Aka kira ta. Ta miƙe da ƙyar, ta dafa kafaɗarsa.

"In ka je gida ka cire su. Ka jiƙa su tukuna, ka ɗaure hancinka. Haka likita ya ce."