Haƙoran Noti a Kwamfuta

A tasha, muna jiran mota ta cika, wani dattijo ya leƙa kwamfutar matashiyar da ke gefensa.

"'Yata, noti kike zanawa?"

"Eh, Baba."

"To ina haƙoransa?"

"Alamarsu kawai na sa, kada kwamfutar ta yi nauyi. Maƙeri ya san girmansu. Amma in inji zai buga shi kai tsaye daga zanen, dole in fitar da kowane haƙori."

"Aikin ɗana ke nan, can ƙasar waje." Dattijon ya ƙara da cewa, "Don Allah maimaita min a hankali. In ya kira, daga 'ya gida' sai 'lafiya lau', magana ta ƙare. Ina son in sami abin tambayarsa."