Shaidata Ta Tafi a Wayar Wata

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Talatu mai kitso daga Malali.

Wata uku ke nan da farin tabo ya fito min a bayan hannu, unguwa ta ɗauka wai kuturta ce. Matan da na daɗe ina yi wa kitso duk suka ɗauke ƙafa.

Rannan ma'aikatan lafiya suka zo duba mutane kyauta. Wata daga cikinsu ta ɗan kankari fatar, ta maƙala wa wayarta ƙaramin madubi mai ƙara girman abu, ta ɗauki hoto, ta nuna min. Ta ce, "Mama, ƙyasbi ne kawai, magani zai kore shi."

Don murna ko sunanta ban tambaya ba, balle in ce ta turo min hoton. Da na gaya wa maƙwabciyata, sai ta ce, "To, ina shaida?"

Malam, ina shafa magani, amma har yau tabarmata ba kowa. Yaya zan yi? 'Yata ma'aikaciyar lafiya, in kina saurare, don Allah ki dawo da wayar nan. Ni na gani, su ne ba su gani ba.