Haruffa Ukun da Ke Gina Mani Gida

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da fatan kin wuni lahiya. Ni ne Umaru, mai gadin firamare a Sisawa ta ƙasar Wurno.

Tun da na kama aiki, duk wata ana ba ni takardar albashi cike da gajerun haruffan boko. Ban san mi suke nufi ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Da na ga takardar tana da ƙwari, sai na riƙa ƙunshe irin albasa da ita.

Bana hedimastanmu ya ga ƙunshi guda a hannuna, ya warware, ya ɗora yatsa bisa wasu haruffa uku. Ya ce, "Baba Umaru, wanga na asusun gida ne, ana cire maka duk wata. In ka aje aiki kana iya nema, amma ka adana takardunka."

Malama, tun rannan in na zauna bakin ƙofar makaranta, gida nika gani. Ɗaki biyu na siminti, taga na kallon fadama, iskar gulbin Rima na shigowa, mai ɗakina Hajo na shanyar albasa a tsakar gida. Har na san inda zan dasa mangwaro.

Baɗi zan yi ritaya. Takardu bakwai sunka rage mani, sauran sun tafi gona, ruwa ya cinye su. Don Allah masana su gaya mani, bakwan nan sun isa? Don na riga na ce ma Hajo ta zaɓi ɗakinta.