Zangarniyar da Aka Sauke Daga Hayaƙi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, Malam Abdulgafar. Iyayenmu dagatai da masu unguwanni. Malamanmu na addini, limamai da fastoci da kuka zauna a inuwa ɗaya. 'Yan uwana malaman makaranta. Iyaye mata da kuka bar tukwane bisa murhu kuka taho. Manoma da makiyaya da 'yan kasuwa daga Kankara, da Faskari, da Sabuwa. Ina yi muku barka da zuwa Mairuwa, ina yi muku sannu da wannan zafi na bazara.

Sunana Asma'u Badamasi, malamar makaranta daga Damari. Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga ƙungiyar masu karatu da ta buɗe mana wannan ɗakin littattafai, ta kuma ce in tashi in faɗi abin da na samu a cikin littafi guda. Shugaba ya roƙe ni kada in ja zance. Ya manta malamar aji ya miƙa wa lasifika, amma zan ƙoƙarta.

Littafin tsohon labari ne daga ƙasar da ke tsakanin koguna biyu, inda Iraƙi take a yau. Ba a takarda aka rubuta shi ba, a jikin yumɓu aka zana shi, irin wanda iyayenmu ke gina tukwane da shi, ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa shekaru dubbai kafin a tono shi a fassara. Mutanen ba addininmu suke bi ba, kuma ba addini na je ɗebowa wurinsu ba, wannan muna da shi a gida. Sunayen taurarin labarin biyu kuwa suna da nauyi a bakin Bakatsine, saboda haka zan ce sarki da abokinsa.

Sarkin ƙaƙƙarfa ne, ya addabi mutanen birninsa. Abokin kuwa mutumin daji ne, cikin namun dawa ya tashi. Ranar da suka fara haɗuwa kokawa suka yi, daga kokawar suka zama aminai, suka yi tafiye-tafiye, suka sha wuya tare. Sai ciwo ya kama abokin, ya rasu. Sarki ya hana a binne shi. Ya zauna yana gadin gawa, yana jiran ta buɗe ido, har sai da tsutsa ta faɗo daga hancin mamacin. Sannan ya yarda aka kai shi, shi kuma ya bazama duniya neman maganin mutuwa, ya dawo hannu wofi. Abubuwa uku na tsinta a ciki.

Na farko, aminci ba ya tambayar gidan da ka fito. Ban sha wuyar gane wannan ba, domin a cikinsa na tashi. Mahaifina, Alhaji Badamasi, ga shi can zaune a sahun gaba, kuma da izininsa nake wannan magana. Amininsa shi ne marigayi Baba Ɗanlahadi, manomi daga wani ƙauye kusa da mu, ɗan gidan gargajiya da suka karɓi Kiristanci. Su ma da faɗa suka fara, a kan iyakar gona, suna samari. Har gobe Baba cewa yake shi ya yi kaye. Baba Ɗanlahadi kuwa har ya bar duniya yana cewa a tambayi tururuwan wurin bayan wa ya taɓa ƙasa.

Suna da wata al'ada tsakaninsu. Duk kaka, kowa zai shiga gonarsa ya zaɓi zangarniyar dawa mafi kyau, wadda zai yi iri da ita, ya ɗaure, ya kai gidan ɗan uwansa. Can za a rataye ta a ɗakin girki, bisa murhu, domin hayaƙi shi ke hana ƙwari shiga. In gobara ta ci rumbun wannan, irinsa na gidan wancan. Ranar ruwan shuka kuma, mai iri shi ke zuwa da ƙafarsa ya karɓi ajiyarsa, ba a aike. Dawar Baba Ɗanlahadi ja ce, mai saurin nuna, daga kakansa ya gaje ta, ba a samunta a kasuwa. Na tashi ina ganinta rataye bisa kan mahaifiyata, ta yi baƙi da hayaƙi.

Na biyu, baƙin ciki yana sa mai hankali ya aikata abin da ya fi kowa sanin kuskure ne. Kun san shekarun da muka shiga na rashin tsaro, ba sai na faɗa wa mutanen wannan yanki ba. Ƙauyen su Baba Ɗanlahadi ya watse, aka ƙone rumbuna, suka yi gudun hijira zuwa Funtuwa. Can ciwo ya kama shi, can ya rasu, can aka binne shi. Hanya ba ta biyuwa a lokacin. Baba bai ga jinyarsa ba, bai ga kabarinsa ba, labari kawai aka kawo masa.

Bai yi kuka ba. Tashi ya yi ya shiga ɗakin girki, ɗakin da rabonsa da shi tun yana yaro, ya sauke zangarniyar nan daga hayaƙi. Ya kakkaɓe ta, ya naɗe ta a cikin sabon rawaninsa, ya ajiye a ɗakinsa kusa da matashinsa. Mahaifiyata ta ce, "Alhaji, ƙwari fa." Ya ce, "Kayan Ɗanlahadi ba su ƙara shan baƙin tukunya." Mutumin da ya tsufa yana noma, mutumin da ke koya wa wasu ajiyar iri, shi ya raba iri da hayaƙi, don yana ganin girmamawa ce.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce. Da ƙura ta ɗan lafa, Esther, babbar ɗiyar marigayin, ta dawo gonar mahaifinta tare da 'ya'yanta. Ta zo gidanmu, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, na zo karɓar irin gidanmu. Ko ƙwaya ba ta rage mana ba." Baba ya dubi ƙasa ya ce, "Ɗiyata, ba a aike. Shi ke zuwa da ƙafarshi." Ta sake dawowa, amsar ba ta sauya ba. Ba rowa ba ce, jama'a, kuma Esther ba ta taɓa ɗaukarta rowa ba. Amma iri ba ya jira har abada, kuma in wannan ya mutu, dawar gidansu ta ƙare a duniya. Na ji tsoro, na ji haushi, na kuma rasa bakin da zan yi wa mahaifina magana.

Idonsa ya yi rauni, don haka nakan karanta masa abin da nake karantawa bayan la'asar, ina mayar masa da shi Hausa. Ban zaɓi wannan littafi don in yi masa wa'azi ba, Allah ya sani. Ya ji daɗin kokawar, har ya tambaya, "To wa ya kada wani?" Da muka iso wurin gawar, sai ya gyara zama, ya ce, "Wanga sarki bai da mafaɗi? Mi ya hana shi bizne ɗan uwanshi?" Na ci gaba, na karanta masa maganar tsutsar. Ya ɗaga hannu ya ce in tsaya.

Ya shiga ɗaki ya fito da rawanin, ya warware shi bisa tabarma. Gari ya zubo, ƙwari suka watsu. Fiye da rabin dawar sun cinye. Ya dube ta, sannan ya ce, "Asma'u, tawa tsutsar ma ta faɗo." Ranar ya yi kukan da bai yi ba, ni ma na taya shi. Mahaifiyata ta tsince abin da ya rage, ta gwada 'yan ƙwayoyi a fasasshiyar ƙwarya da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba duka suka tsiro ba, amma wasu sun tsiro.

Na uku, shi ya fi yi mini nauyi. A labarin, ba rashin aboki kaɗai ya kori sarkin nan daji ba. Ya dubi gawa ne ya ga kansa. Mun sani, an gaya mana tun muna yara, cewa kowa zai tafi. Amma sanin da ake yi a aji daban, sanin da ake yi a bakin tabarmar mahaifi daban. Mutumin da ya zana wannan labari a yumɓu ya tafi, birninsa ya rushe, harshensa ya mutu, sai dai abin da ya ba wa wasu ajiya ya iso har Damari. Saboda haka ina roƙon ku: littattafan wannan ɗaki kada a naɗe su a rawani. A ara, a karanta wa tsofaffi, su yi datti a hannun jama'a. Ku manoma kuma, ku nemi wanda za ku ba ajiyar irinku, ko ba masallaci ɗaya kuke shiga ba.

Yaya Esther, na gan ki can cikin mata. Don Allah taso. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga ajiyar gidanku a hannun Baba. Ya ce ba zai iya magana a gaban jama'a ba, ni zan faɗa miki sharaɗinsa. In Allah ya kai mu kaka, ki zaɓi zangarniya mafi kyau ki kawo gidanmu, a mayar da ita hayaƙi, ki kuma tafi da tamu. Na ce masa, "To Baba, sai ta kawo maka." Ya ce, "A'a. Ke za ta kawo mawa. Ku fara sabawa tun ina gani."

Baba, na ji, na karɓa. Ban so ba, amma na karɓa.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana. Allah ya ba iyalan waɗanda suka riga mu haƙuri. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Kankara, da Faskari, da Sabuwa, ya mayar da kowa gonarsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa abin da ya rage a rawanin nan ya tsiro. Allah ya mayar da kowa gida lafiya.

Na gode.