Minjiryar Likita

A tashar Argungu, Tamba masunci ya zauna kusa da wani dattijo mai ɗan akwati a ƙugu, wayoyin akwatin biyu sun shige cikin rigarsa.

"Baba, wanga fa, rediyo?"

"Injin ciwon baya ne. Shekara tara ina haɗiyar magani a banza, sai likita a Birnin Kebbi ya manna min shi. Shina tsikarar jijiya da ɗan lantarki, ciwon ya lafa."

"Lantarki? Haba Baba, ai minjirya ke nan! Kifin ga kyauta yake ba mu cikin gulbi."

"Wanga ana rage mai ƙarfi. Taka tana da wurin ragewa?"

"Ina fa! Amma da gwiwata ta matsa min, na sa ƙanena ya ɗora min guda mai rai."

"Ciwon ya tafi?"

"Wallahi kwana uku ban tuna da shi ba. Sunana ma sai da aka tuna min."

Dattijon ya yi dariya har ya dafe baya. Tamba kuwa ya shiga murza gwiwar da ta hana shi shiga ruwa tun damina. Can ya rage murya.

"Baba, likitan ga, wace rana yake zama?"