Tsamiyar Da Ta Koma Gawayi

"Inna, duk tsamiyar ƙauyenmu ce a buhunan nan?" yarinyar ta tambaya a tasha, tana nuna gawayin da za su sayar.

Wani dattijo da ke jiran mota ya juyo. "Ba dai tsamiyar ƙauyen bayan dutse ba? A gindinta fa kakanninmu suka raba gonaki!"

Uwar ta sunkuyar da kai. "Baba, damina ce ta ƙi. Yara ba sa cin inuwa."

"Gaskiya ne, 'yata. Amma daga gindinta ake auna iyakar kowa. Gobe da me yarinyar nan za ta nuna gonar ubanta?"

Uwar ta jawo 'yarta jikinta.

Mai karatu, kafin ka ɗaga gatari, tambayi tsofaffi abin da itacen yake tsarewa.